Ayarin Babura: Mu Koma Ga Hikimar Zango

Babu gaisuwar da Bahaushe ya fi yi wa matafiyi kamar "Ina gajiya?", babu kuma amsar da ta fi zama a bakin matafiyin kamar "Babu gajiya." Mutum ya yini a kan hanya, idanunsa sun yi jajir, ƙafafunsa sun kumbura, ƙura ta rine masa gira, amma da zarar an tambaye shi sai ya ce babu gajiya, wani ma ya ƙara da cewa ai ta bi lafiya. Duk wanda ya nazarci harshe ya san irin wannan amsa ladabi ce aka gada, kuma mai tambayar ma ba ya jiran wata amsa daban. A zaure ko a tsakar gida wannan ladabi ado ne. Amma a kan babur mai gudun kilomita 90 a sa'a, a tsakiyar abokan tafiya goma sha biyar da kowannensu ke jin nauyin ya zama na farko da zai ce a tsaya, wannan ladabi yana iya kai mutum kushewa. Wannan shi ne abin da nake son mu tattauna a wannan fili yau.

Mai karatu zai yarda da ni cewa doguwar tafiya a kan babur, cikin rukuni, ta zama ruwan dare a ƙasar nan. Akwai ƙungiyoyin masu manyan babura a biranenmu, cikinsu har da likitoci da ma'aikatan banki da malaman makaranta, waɗanda kan ɗauki hutun ƙarshen mako su keta jihohi biyu ko uku don yawon buɗe ido ko tara gudunmawar wani aikin alheri. Akwai samari masu rakiyar ango zuwa ɗaurin aure a wata jiha, da masu komawa gida hutun Sallah, da masu bin ayarin 'yan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, abin da ya sa babur ya ƙara zama mafita ga mai ƙaramin ƙarfi. Ra'ayina shi ne, a kowace irin wannan tafiya, natsuwar jikin mahayi ita ce ginshiƙin tsira da rai, kuma alhakin kula da ita yana wuyan ayarin gaba ɗaya, musamman wanda aka ba jagoranci.

Bari in fara da kalma, tunda nan ne fagena. Idan aka ce za a yi magana kan "jin daɗin" mahayi, da yawa daga cikinmu sai su taɓe baki, domin a kunnen Bahaushe jin daɗi ya fi kusa da holewa, kuma "ɗan hutu" laƙabi ne na zolaya da babu saurayin da ke son a liƙa masa. A ɗaya ɓangaren kuma muna da tarin kalmomin yabo ga mai cijewa: dauriya, juriya, jarumta, namijin duniya. Saboda haka tun kafin a tayar da injin, harshe ya riga ya yanke hukunci cewa mai neman hutu rago ne, mai daurewa gwarzo. Shi ya sa na fi son mu ce natsuwar jiki, wato halin da mahayi yake ciki lokacin da babu wani ciwo ko ƙishirwa ko gyangyaɗi da ke raba hankalinsa da hanya. Wanda bayansa ke zugi, hannunsa ya yi sanyi har ba ya jin birki sosai, rabin hankalinsa yana kan jikinsa, rabi ne kawai ya rage wa rami da tirela da akuyar da za ta gifta.

Abin da ke faruwa ga jikin mahayi sananne ne ga likitoci. Sirdin babur ƙarami ne, nauyin mutum duka yana kan wuri guda, jini ba ya gudana yadda ya kamata a cinyoyi idan zama ya yi tsawo. Girgizar inji tana bi ta kan babur ta shiga tafin hannu, bayan wani lokaci yatsu su soma mutuwa. Iska tana tura ƙirji da kai baya, wuya da kafaɗu suna ta kokawa da ita ba tare da mahayi ya lura ba. Sai kuma ƙarar iskar kanta: masana lafiyar kunne sun sanya desibel 85 a matsayin iyakar ƙarar da mutum zai iya jurewa na tsawon sa'o'i takwas ba tare da illa ba, alhali ƙarar iska a cikin hular kwano, idan gudu ya kai kilomita 100 a sa'a, takan haura desibel 90. Wannan ƙara tana gajiyar da ƙwaƙwalwa a yau, tana kuma cin ji a hankali har tsufa.

Yanayin ƙasarmu ya ƙara wa abin nauyi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi a Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru yakan wuce digiri 40. Mutane da yawa sun ɗauka iskar gudu tana sanyaya jiki, to amma idan iskar ta fi fatar mutum zafi, ƙara masa zafi take yi, tana kuma busar da gumi nan take ta yadda ba zai gane yawan ruwan da ya fita daga jikinsa ba. Rashin ruwan da ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya rage kaifin tunani da saurin yanke shawara. Da hunturu kuwa, sanyin asuba a kan babur yakan daskarar da yatsu, hazo ya rage nisan gani, ƙura ta cika ido. Kowane lokaci da irin tasa jarrabawar.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Babur mai gudun kilomita 100 a sa'a yana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan gyangyaɗi ya ɗauke mahayi na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar sama da mita 80 ido rufe, kusan tsawon filin ƙwallo. Direban mota da ya yi haka yana da ƙarfe da gilashi da bel da za su iya kare shi, mahayin babur kuwa jikinsa ne garkuwarsa. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'o'i 17 bai yi barci ba, kuzarin hankalinsa yakan faɗi zuwa matakin wanda barasa ta kai iyakar da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi da ita. Mu da muke ƙyamar mashayi, ya kamata mu yi tunani a kan saurayin da ya kwana hirar biki, ya yi sallar asuba, ya hau babur zuwa garin da ke nisan kilomita 400. Goro da shayi mai kauri suna jinkirta barci na ɗan lokaci, ba sa biyan bashinsa. Ƙwayoyi irin su tiramol kuwa, waɗanda wasu ke sha wai don kada su ji gajiya, kashe ƙararrawar gargaɗin jiki kawai suke yi, gajiyar tana nan daram. Jiki magayi, in ji masu iya magana, kuma wanda ya toshe bakin magayi ya shirya wa kansa mummunan labari.

Wani zai ce ai tafiya cikin jama'a ta fi aminci. Haka ne ta fuskoki da yawa, amma rukuni yana da nasa tarkon. Mai tafiya shi kaɗai, idan ya ji barci, yakan ratse gindin bishiya ba tare da shawartar kowa ba. A cikin ayari kuwa kunya ce ke riƙe da kan babur. Bugu da ƙari, akwai abin da duk wanda ya taɓa bin jerin gwano ya sani: idan na gaba ya wuce wata babbar mota ya ƙara wuta, na biyu sai ya ɗara shi gudu kafin ya cim masa, na uku ya ɗara na biyu, har abin ya kai ga na ƙarshe, wanda zai tsinci kansa yana gudun da ya fi na kowa. Wa aka saba bari a ƙarshe? Sabon shiga, ko mai ƙaramin inji, ko mai goyo. Wato wanda ya fi kowa rauni shi ake tilasta wa gudun da ya fi kowane haɗari, yana wuce motoci a kwana don kada a ɓace masa. Idan aka haɗa Bajaj ko Jincheng mai ƙaramin inji da babur mai ƙarfin da ya ninka nasa sau shida a tafiya ɗaya ba tare da tsari ba, abin da yake yawon shan iska ga ɗaya, azaba ce ga ɗayan.

Abin mamaki shi ne kakanninmu sun warware wannan matsala tun kafin a ƙera babur. Fataken da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, suna bi ta Nufe da Borgu har Salaga a ƙasar Gana ta yau, sukan yi watanni a hanya, ayari guda yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai da mata da yara. Ba su bar tafiyar ga ƙarfin kowa ba. Akwai madugu, uban tafiya, wanda alhakin ran kowa da dukiyar kowa ke kansa. Akwai jagaba mai shigewa gaba ya duba hanya da masauki. Akwai uban dawaki mai kula da biyan kuɗin da sarakunan hanya ke karɓa, akwai kuma malamin ayari. Sama da duka akwai zango, wato wurin sauka da aka sani tun kafin a tashi. Ana sammako, a yi tafiya da sanyin safiya, a sauke kaya kafin dabba ta jigata. Ba a tambayar kowa ko ya gaji. Idan an iso zango an iso, jarumi da rago duk su sauka. Wannan kalma ta yi tasirin da har yau unguwannin baƙi a Kumasi da Akara ana ce musu Zongo, muna da Zangon Daura da Zangon Kataf, har shekarar karatu ma mun raba ta zango-zango. Ayarin gishiri da ke keta Tenere daga Agadas zuwa Bilma kuwa, jagoransa madugu ake ce masa. Al'ummar da ta ba maƙwabtanta waɗannan kalmomi bai kamata a ce 'ya'yanta ne ke tafiya ba madugu ba zango ba.

Manyan mahaya na wannan zamani ma a kan wannan turba suke. A 2022, Kunle Adeyanju ya tashi daga Landan ranar 19 ga Afrilu a kan babur, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, don wayar da kai kan yaƙi da shan inna. Tafiyar ta haura kilomita 12,000 cikin kimanin kwana 40, wato idan aka raba, kusan kilomita 300 ke nan a rana. A 2007, 'yan wasan Birtaniya biyu, Ewan McGregor da Charley Boorman, sun tashi daga arewacin Sikotlan zuwa birnin Kef a Afirka ta Kudu, tafiyar kimanin kilomita 24,000 cikin kwana 85, da manyan babura ƙirar BMW da motocin rakiya a bayansu. Nan ma lissafin bai kai kilomita 300 a rana ba. To idan masu keta nahiyoyi, da kayan aiki na gani na faɗa, a kan wannan ma'auni suka tsaya, me zai sa samarinmu su ɗauki Kano zuwa Abuja, tafiyar sama da kilomita 400, a matsayin abin da za a je a dawo a yini guda a kan ƙaramin babur? Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Saboda haka shawarata ta farko ga duk masu shirin irin wannan tafiya ita ce su naɗa madugu, su kuma yanka zangunansu tun a gida. A tsaya duk bayan sa'a ɗaya da rabi, ko kimanin kilomita 100 zuwa 120, a sauka daga kan babur, a miƙe ƙafa, a sha ruwa ko da ba a jin ƙishirwa. Madugu kada ya tsaya tambayar "Kun gaji?", domin mun riga mun san amsar da harshe ya tanada. Idan tsayawa ta zama doka a kan kowa, an ɗauke wa mai rauni nauyin kunya, an kuma rufe wa mai taƙama ƙofar gasa. A auna nisan zango da tankin da ya fi kowane ƙanƙanta, a auna gudu da injin da ya fi kowane rauni. Kada a tashi sai an yi barcin kirki, kada kuma a bar magariba ta riski ayari a daji.

Ta biyu ita ce tsarin jeri. Masu koyar da tuƙin babur a ƙasashen da wannan harka ta kafu sun fi son rukuni ya tsaya tsakanin mutum biyar zuwa bakwai. Idan an fi haka sai a kasa gida biyu ko uku, kowane da jagoransa, a haɗu a zango. A kan miƙaƙƙiyar hanya ana jerawa ne a karkace, ɗaya a dama ɗaya a hagu cikin layi guda, da tazarar daƙiƙa biyu tsakanin mahayi da wanda ke gabansa kai tsaye, a koma ɗaya bayan ɗaya idan an zo kwana ko lalatacciyar hanya. Sabon shiga da mai ƙaramin inji su kasance dab da bayan jagaba, gogaggen mahayi kuma ya rufe baya, riƙe da kayan faci da famfo da akwatin agajin gaggawa. A amince da alamun hannu tun kafin tashi, har da alamar "ina buƙatar tsayawa", a kuma yi alkawarin cewa duk wanda ya yi ta ba za a tsokane shi ba. Kowa ya san zango na gaba, don wanda aka tsere wa ya san za a jira shi, kada ya yi gudun ceton rai.

Ta uku ta shafi wanda aka ɗauka a baya. Dubi hikimar Hausa a nan: mun ari kalmomin doki mun ba babur, muka ce dokin ƙarfe, muka ce sirdi, muka ce mahayi, amma da muka zo kan fasinja sai muka aro daga uwa da jaririnta, muka ce goyo. Goyo amana ne. Wanda aka goya ba ya ganin rami kafin a faɗa, wurin zamansa ya fi ƙunci, kuma idan mace ce ko ƙane ko almajiri, kunya za ta hana shi cewa uffan ko da ƙafarsa ta mutu. Ya wajaba a ba shi hular kwano irin ta mai tuƙi, a tabbatar yana da wurin ɗora ƙafa, a tattare mayafi da bakin zane da babbar riga, domin tufa mai lilo idan ta shiga sarƙa ko waya, faɗuwa ce ba shiri. Kaya kuwa a ɗaure su a jikin babur, kada a rataya wa mutum jaka mai nauyi a baya ya yini da ita.

Batun hular kwano ya cancanci a sake nanatawa. Muna tune da yadda aka yi ta raha a farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, amma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambatawa sun nuna cewa hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, tana rage raunin kai da kimanin kashi 69. Ko ba a faɗi ba ma, hular da ta rufe fuska tana kare ido daga ƙura da ƙwari, abin toshe kunne na 'yan nairori yana rage ƙarar iska, safar hannu tana rage girgiza, rufaffen takalmi ya fi silifa nesa ba kusa ba. Kayan da ke kare mutum ranar tsautsayi su ne dai ke hutar da shi a sauran ranaku.

Na san akwai masu cewa wannan duk zancen masu hannu da shuni ne, talaka da larura ta ɗora a kan babur ina ya ga ta natsuwar jiki? Amsata ita ce mafi yawan abin da na lissafa ba ya cin ko kwabo. Tsayawa kyauta ce, barci kyauta ne, jera mutane bisa ƙarfinsu kyauta ne, ruwan leda kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Hasali ma talaka ya fi kowa buƙatar wannan tsari, domin idan ya karye babu inshorar da za ta ɗauke shi, iyalinsa ne za su sayar da ɗan abin da suka mallaka.

Akwai kuma hujja mai ƙarfi ta tsaro: a wasu hanyoyinmu tsayawa kanta haɗari ce. Wannan gaskiya ce da ba za a kauce mata ba, kuma ita ce ma ta ƙara wajabta a yanka zango tun a gida, a zaɓi gari ko gidan mai mai jama'a, maimakon a bari sai gajiya ta kayar da wani a tsakiyar daji. Haka nan kada mahaya su manta cewa babur ya samu mummunan suna a wannan yanki. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, a 2021 kuma jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. Babura ashirin da suka tunkari ƙauye da almuru suna iya sa mata su kwashi yara su yi daji, ko 'yan sintiri su yi abin da za a yi da-na-sani. Wajibi ne madugu ya binciki dokar kowace jiha da za a ratsa, ya sanar da jami'an tsaro da masu gari, a shiga gari a hankali kuma da rana. Natsuwar mutanen da ake ratsa garinsu ita ma tana cikin lissafi.

Daga ƙarshe ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda tun kafuwarta a 1988 take da alhakin wayar da kan masu amfani da hanya, da ta fitar da ƙa'idojin tafiyar rukuni cikin Hausa mai sauƙi, ta kai su gidajen rediyo da tashoshin 'yan acaɓa, musamman gabanin Sallah da lokacin zaɓe. Ba sai an wahala wajen ƙirƙirar sababbin kalmomi ba, madugu da jagaba da zango da guzuri suna nan suna jira, kuma saurayin da zai yi kunnen uwar shegu da dokar hukuma zai saurara idan aka ce masa haka kakansa ya yi ya je Gwanja ya dawo. Mu malaman harshe a jami'o'i a shirye muke mu ba da gudunmawa. Ƙungiyoyin masu manyan babura kuma, da yake su ne 'yan boko kuma su samari ke kwaikwayo, su zama abin koyi a fili. Iyaye su ma, idan yaro ya zo sallama zai bi ayari, bayan addu'a a tambaye shi wane ne madugunsu, ina za su yada zango, ƙarfe nawa za su sauka. Addininmu da ya sauƙaƙa wa matafiyi salla da azumi ya riga ya shaida cewa tafiya wahala ce, don haka babu abin kunya ga wanda ya ce a dakata ya huta. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.